Hannuna Ya Iya Aikin, Amma Takarda Ake Nema: Yadda Na Samu Izinin Aikin Fisiyo a Ingila

Shekara shida na yi ina aikin gashi da motsa gaɓoɓi, abin da muke kira fisiyo, kafin in san akwai ƙasar da ba ni da ikon kiran kaina da sunan sana'ata. A Birtaniya doka ce ke gadin sunan nan. Duk wanda ya ce shi likitan fisiyo ne alhali sunansa ba ya cikin rajistar HCPC, hukumar da ke kula da sana'o'in lafiya, ya yi laifi, ana iya gurfanar da shi a ci shi tara. Ranar da na karanta haka a 2021, fitowata ke nan daga ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki. Kafaɗata na zogi saboda wani dattijo da na wuni ina koya wa tashi daga bakin gado. Na dubi hannuwana na ce a raina, ashe duk abin da waɗannan suka sani, sai an mayar da shi rubutu kafin wani ya yarda da shi.

Dalilan tafiyata ba su bambanta da na sauran abokan aiki ba. Albashi ba ya kai wata, kayan aiki sun tsufa, kuma akwai abubuwan da nake karantawa a littafi ina son in gan su da idona. Ba zan tsaya a kansu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan ƙannen da ke tambayata hanya, da yawan waɗanda aka cuta a kan hanyar.

Wata babbar yaya a sana'a, wadda ta riga ni tafiya, ita na fara kira. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ƙanwata, abin da kike kira izinin aiki ba takarda ɗaya ba ce, uku ce, kuma a jere suke. Rajistar sana'a, sai asibitin da zai ɗauki nauyinki, sai biza. Ba a samun ta biyu sai da ta farko, ba a samun ta uku sai da ta biyu. Duk wanda ya ce zai tsallaka da ke ta katanga, ki riƙe jakarki da kyau." Na ce, "To Yaya, na ji." Ashe ji kawai na yi da kunne.

Na fara da rajista. HCPC ita ce ke kula da sana'o'in lafiya 15 a Birtaniya, cikinsu har da namu, da masu ɗaukar hoton jiki, da ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya. A takardar neman rajista ta wancan lokacin akwai wata tambaya da ta tsayar da ni kwana biyu: shin Ingilishi ne harshenki na farko? Wanda ya ce e, ba sai ya kawo sakamakon jarrabawar harshe ba. Mutane da dama sun ce mini in ce e kawai, ai da Ingilishi na yi karatu tun firamare. Amma bayanin hukumar ya nuna cewa yin karatu da harshe ba shi ne ke mayar da shi harshenka na farko ba, sai in shi ne kake rayuwar yau da kullum da shi. Ni kuwa da Hausa nake mafarki, da ita nake lallashin yaro in yana kuka a kan gadon gashi, da ita nake ƙirga wa tsoho ɗaya, biyu, uku, tashi. Ban ga yadda zan fara sabuwar rayuwa da ƙarya a shafin farko ba. Na ce a'a, na nufi IELTS, jarrabawar gwajin Ingilishi.

Jarrabawar kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana. Hukumar na son maki 7.0 a jimla, kuma kada ko ɗaya daga cikin huɗun ya yi ƙasa da 6.5. Na shiga da gadara, na fito da 6.0 a rubutu. Sauran ukun sun yi kyau, amma rabin makin nan ya rushe komai. Da na zauna na binciki kaina, sai na gane dalili. Shekaru ina rubuta bayanin marar lafiya a gaggauce, da gajerun alamomi da guntayen jumloli, na manta yadda ake ɗaukar hujja ɗaya a bi ta har ƙarshe. Ga shi ana son kalma 250 cikin kamar minti 40, bayan wata 150 da za ka fara yi a kan jadawali ko zane. Wata uku na yi ina tashi kafin asuba ina rubuta maƙala guda, maigidana na riƙe da agogo. A zama na biyu na samu abin da ake so. Sakamakon shekara biyu kawai yake yi ya mutu, don haka daga ranar nan lokaci ya fara bina a guje.

Sai babban aikin, wanda ya fi kowanne cin rai: fom ɗin bayanin karatu. Takardar digiri da ta sakamakon darussa ba su wadatar ba. Ana son a zayyana kowane darasi da na ɗauka a shekara biyar na jami'a, abin da aka koyar a cikinsa, sa'o'i nawa aka yi a aji, nawa aka yi a gaban marar lafiya, da yadda aka gwada mu. Kuma jami'a ce za ta tabbatar ta buga hatiminta. Dalilin a fili yake: mutum biyu 'yan sana'armu ne za su zauna su auna karatuna da aikina da ma'aunin da ake auna wanda ya yi karatu a can, inda ɗalibi ke yin aƙalla sa'o'i 1,000 na aikin asibiti kafin ya kammala. Ba su san ni ba, ba su taɓa ganin ajin da na zauna ba. Abin da ke kan takarda shi ne ni.

Na koma makarantarmu na tarar an sauya manhaja tun bayan fitarmu a 2014. Wadda aka koyar da mu da ita babu wanda ya san inda take. Na yi zuwa uku ina dawowa hannu rabbana. A na huɗu na ci karo da malamin da ya koya mana ilimin jijiyoyi, ya kusa ritaya, gashinsa ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ke ma tafiya za ki yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ina nema dai." Bai ƙara cewa komai ba. Ya tashi ya buɗe wata tsohuwar durowar ƙarfe da ke bayan ƙofa, ya yi ta ɗaga fayil-fayil, ƙura na tashi, har ya zaro wani littafi mai koren bango da gara ta ci gefensa. Manhajarmu ce. Ya hure ƙurar ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "'Yata, ki kwafa ki dawo mini da shi. Akwai masu zuwa bayanki." Har yau in na tuna yadda ya faɗi maganar nan, ban san ko albarka ya sa mini ko kukan zuci ya yi ba. Ina jin duka biyun ne.

Sati shida na yi ina cika fom ɗin daga littafin nan. Na haɗa da takardar shaidar kyakkyawan hali daga MRTB, hukumar da ke yi mana rajista a Najeriya, da bayanin wuraren da na yi aiki tun daga shekarar koyon aiki, da sunan shugabana da zai tsaya mini shaida. A tsakiyar 2022 na biya fam 539.65, kuɗin duba takardu, wanda ba a mayarwa ko an karɓe ka ko ba a karɓe ka ba. Na tura, na zauna jira.

Jiran ya yi tsawo, kuma wani ɓangare laifina ne. Hukumar takan aika imel ga jami'a da masu shaida don ta tabbatar takardun na gaske ne. Ni ban gargaɗi kowa ba. Saƙon ya je ya kwanta a akwatin ofis da ba a cika buɗewa ba, ya yi sati biyar, ni kuma ina gida ina duba waya dare da rana. Sai da Yaya ta tambaye ni ko na bi sawu, sannan na ruga.

Da amsa ta zo, ba e ba ce, ba a'a ba ce. Masu dubawar sun ce ba su ga isasshiyar hujja ba a kan aikin ƙirji da numfashi, suna son ƙarin bayani. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na yi fiye da shekara ina shiga ɗakin kulawa ta musamman. Amma da na koma na karanta abin da na rubuta da hannuna, sai jikina ya yi sanyi. Layi ɗaya ne tak: na yi aiki da masu matsalar numfashi. Da ni ce a kujerarsu, ni ma abin da zan ce ke nan.

Sai na zauna na rubuta labarin wasu marasa lafiya uku, ba suna, ba abin da zai nuna ko su wane ne. Ɗaya na fi tunawa. Mutum ne da aka yi wa aiki a ciki, kwana biyu bayan nan zazzaɓi ya taso, numfashinsa ya zama sama-sama saboda tsoron zafin ɗinki. Na rubuta yadda na sa abin sauraro na ji iska ba ta sauka ƙasan huhunsa na dama, yadda na nemi a ba shi maganin zafi kafin in taɓa shi, yadda na zaunar da shi, na naɗe tawul na ɗora a kan ɗinkin ya danne da hannuwansa don ya iya tari ba fargaba, yadda muka yi ta jan dogon numfashi ana riƙewa kaɗan, har majinar ta fito, da yadda washegari na taka da shi zuwa ƙofar ɗaki. Na rubuta dalilin kowane mataki, da abin da zai sa in dakata in kira likita. Ina cikin rubutun na gane ban taɓa bayyana wa kowa dalilin abin da nake yi ba, har ni kaina. Hannu ya saba, baki bai saba ba. A ganina wannan shi ne babban gibin da ke tsakaninmu da aikin can, ya fi gibin na'urori nesa ba kusa ba.

A farkon 2023 saƙo ya shigo cewa an karɓe ni. Na biya kuɗin rajista, na buɗe shafin hukumar na rubuta sunana, sai ga shi ya fito da lamba mai farawa da PH. Na yi sujada a tsakar ɗaki. Na ɗauka an gama.

Neman aiki ya nuna mini ba a ma fara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin ƙasashen da ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, ƙasa 47 a 2020, suka koma 55 a 2023, kuma Najeriya na ciki. Birtaniya na kiran wannan jan jeri, kuma ƙa'idarta ta hana asibitoci da kamfanonin ɗaukar ma'aikata su zo farautar ma'aikata a waɗannan ƙasashe. Abin da aka yarda shi ne mutum ya ga talla da kansa, ya nema da kansa, kai tsaye. Na san wannan sarai. Amma bayan na aika takardar nema sama da 40 a shafin ayyukan NHS, wato hukumar asibitocin gwamnatin Birtaniya, ba wanda ya kira ni, ga jarrabawata na tsufa, sai zuciyata ta raunana.

A lokacin ne wani ya same ni ta WhatsApp, ya ce shi wakili ne, yana da asibitocin da ke neman irina. Ya iya magana, ya san sunayen takardu duka. Ya ce in biya kuɗin buɗe fayil, sauran sai takardar ɗaukar nauyi ta fito. Na ɓoye wa Yaya, na ɓoye wa maigidana, na tura masa abin da ya kai albashina na wata biyu. Bayan sati uku ya dawo ya ce gurbin fisiyo ya cika, amma akwai na kula da tsofaffi, in ƙaro kuɗi masu yawa. Da na ce ya ba ni sunan ma'aikatar in duba ta a jerin masu lasisin ɗaukar nauyi da gwamnatin Birtaniya ke wallafawa a intanet, wanda kowa zai iya buɗewa kyauta, sai ya daina amsawa. Daren da na faɗa wa maigidana, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kuɗi sun tafi, Allah ya mayar da alheri. Ɓoyewar ce ta fi yi mini ciwo." Ita ma Yaya cewa ta yi, "Ba na faɗa miki ba? Takardar nan ba haja ba ce. Wanda ya ɗauke ki aiki shi ke ba ki ita." Na san wasu da suka sayar da abin da suka mallaka suka biya irin waɗannan mutane, suka isa can suka tarar babu aikin. Ni da sauƙi na fita.

Yaya ta karɓi takardar neman aikina ta karanta, ta ce matsalar ɗaya ce da ta baya. Kowace talla tana zuwa da jerin abubuwan da ake so ga mai nema, waɗanda suka zama dole da waɗanda ake so in da hali, kuma da jerin nan ake ba da maki. Ni kuwa wasiƙa ɗaya nake aika wa kowa, cike da cewa ni mai ƙwazo ce mai son aiki. Na koma ina bin jerin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da misali daga aikina. Takarda ɗaya takan ci mini dare biyu. Cikin wata guda aka kira ni ganawa.

Ganawar farko ta bidiyo ce, mutum uku a gabana. Tambayoyin ilimi ban ji tsoronsu ba. Sun tambayi mai ciwon baya da ya ce fitsari ya fara gagararsa kuma tsakanin cinyoyinsa ya mutu, na ce wannan ba na gashi ba ne, alama ce ta matsewar jijiyoyin ƙarshen laka, a kai shi sashen gaggawa a ranar. Sun tambayi mai ciwon toshewar hanyoyin numfashi, COPD, da aka kira ni kansa cikin dare, na ce yawancin irinsu ana son oksijin ɗin jininsu ya tsaya tsakanin kashi 88 zuwa 92, ba a cika musu shi kamar sauran mutane. Suna ta gyaɗa kai. Sai ta ƙarshe: dattijo ya karye a ƙugu, an yi masa aiki, hankalinsa garau, ya ce ba zai tashi ba, ba ya son fisiyo. Me za ki yi? Ban yi wata-wata ba na ce zan kira babban ɗansa in gaya masa halin da ake ciki, ya zo ya sa baki. Haka nake yi shekara da shekaru, kuma da kyakkyawar niyya nake yi.

Ban samu aikin ba. Amma na roƙi su gaya mini inda na kuskure, ɗaya daga cikinsu ta kira ni ta yi mini bayani cikin mutunci. A dokarsu ta 2005 kan ikon yanke shawara, baligi ana ɗaukarsa mai hankalin zaɓa wa kansa har sai an tabbatar ba haka ba, kuma yana da ikon zaɓar abin da kai kake gani kuskure ne. Ba ni da hurumin kai maganar jikinsa ga ɗansa sai da yardarsa. Abin da ake so in yi shi ne in zauna in tambaye shi dalili, ko zafi ne, ko tsoron faɗuwa, in bayyana masa hatsarin kwanciya, in rubuta abin da muka yi, in dawo anjima. Na daɗe ina juya wannan a raina. Har yanzu ina ganin akwai alheri mai yawa a yadda dangi ke kewaye marar lafiya, kuma na ga tsofaffi a can da kaɗaici ya fi karayar cin su. Amma na kuma tuna mutane nawa na yi magana a kansu suna kwance suna ji, ban tambaye su ba.

A ganawa ta uku, a watan Yunin 2023, wani asibitin NHS a arewacin Ingila ya ɗauke ni. Mataki na 5 suka ba ni, inda wanda bai daɗe da gama makaranta ba ke farawa, albashi fam 28,407 a shekara kafin haraji, aiki sa'o'i 37.5 a mako. Na karɓa da hannu biyu.

Takardar ɗaukar nauyin da ake ta kiran CoS, wadda na yi asarar kuɗi a kanta, ashe ba ma takarda ba ce da za ka riƙe. Lamba ce da asibiti ke fitarwa a kwamfuta, ɗauke da sunanka da aikinka da albashinka, kuma dole ka nemi biza da ita cikin wata uku. A nan na ci karo da tarkon da ba wanda ya faɗa mini. IELTS ɗin da na yi ta gamsar da HCPC, amma ofishin biza yana da irin tasa da ya amince da ita, wadda ake yin rajistarta daban. Likitoci da nas-nas da ungozomomi an ɗauke musu wannan in sun riga sun ci jarrabawar da hukumarsu ta karɓa. Mu 'yan fisiyo ba ma cikin waɗanda aka ɗauke wa. Da tun farko na zaɓi irin ta biza, da jifa ɗaya ta kashe tsuntsu biyu. Mafitar da na samu ita ce Ecctis, masu tantance cewa digirina ya kai matsayin nasu kuma da Ingilishi aka koyar da shi. Wannan ya sake mayar da ni makaranta neman wasiƙa, ya ci wasu makonni daga cikin wata ukun.

Sauran sun zo da sauƙi. Hoton ƙirji don gwajin tarin tibi a asibitin da suka amince da shi, wanda takardarsa ke yin wata shida. Takardar 'yan sanda mai nuna ba ni da tarihin laifi. Sai shaidar fam 1,270 da suka kwana 28 a asusu, wadda asibitin ya ɗauke mini da ya rubuta cewa zai tsaya mini a watan farko. Bizar ma'aikatan lafiya, wadda aka ƙirƙiro a watan Agustan 2020, ta fi sauran rahusa: fam 247 na biya ta shekara uku, kuma an yafe mana harajin lafiya da sauran baƙi ke biya, wanda a lokacin fam 624 ne kowace shekara. Aka ɗauki hoton yatsuna da fuskata. Kafin sati uku fasfo ya dawo da tambarin shiga na kwana 90.

Ranar da na yi sallama a wurin aiki, wata baiwar Allah da nake yi wa gashi tun bayan da ɓarin jikinta ya shanye ta riƙe hannuna da hannunta mai lafiya. Wata takwas muka yi kafin ta iya kai cokali bakinta. Ta ce, "Likita, wa za ki bar mu wa?" Na ce akwai abokan aikina, sun ma fi ni iyawa. Gaskiya na faɗa, amma na san su nawa ne, na san layin da ke jiransu kowace safiya. Jan jerin nan da na ɗauka shinge ne a gabana, saboda irinta aka yi shi. Ba ni da amsar da za ta wanke ni sarai, kuma ban yarda da masu cewa babu komai a ciki ba. Umma kuwa ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Ki riƙe amanar jikin mutane a can kamar yadda kika riƙe a nan."

Na sauka a watan Satumban 2023. Na karɓi katin izinin zama, irin wanda daga baya aka daina aka mayar da shi na intanet. A bayansa an rubuta cewa ba ni da haƙƙin tallafin gwamnati. Wadda aka sa ta duba aikina ta gama makaranta ne shekaru bayan na fara aiki. Na zaci abin zai dame ni, sai na tarar ina buƙatarta fiye da yadda na zata. Tun 1977 'yan fisiyo a Birtaniya ke da 'yancin duba marar lafiya su yanke shawarar magani da kansu, kuma tun 2013 waɗanda suka yi ƙarin horo a Ingila suna iya rubuta magani. 'Yancin nan da nauyinsa yake zuwa. Ba wanda zai ce maka yi kaza, kuma in abu ya lalace sunanka ne a ƙasan shafin. Ita ta koya mini rubuta bayanin da wani zai karanta bayan shekara biyar ya gane abin da na gani da abin da ya sa na yi abin da na yi. Ni kuma ranar da aka kawo wani yaro mai sanƙararrun ƙafafu, ta tsaya a gefe tana kallon hannuna, bayan mun fito ta ce in nuna mata yadda na riƙe shi.

Abin da ban fahimta ba sai da na zauna a ciki shi ne bizar a ɗaure take da asibitin da ya ɗauke ni. In na samu wani aiki, ko da ƙarin girma ne a wata ma'aikata, sai an fitar da sabuwar lamba na sake neman biza. In aikin ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara ya tafi. Wannan yana sa mutum ya haɗiye maganar da ya kamata ya faɗa. Shi ya sa na shiga ƙungiyar 'yan sana'armu, CSP, tun watan farko, don in sami mai tsaya mini in ta taso. Rajistar ma ba ta dindindin ba ce. Duk shekara biyu ake sabuntawa, na yi ta farko a watan Afrilun 2024, kuma ana zaɓar kashi 2.5 cikin ɗari na masu rajista a ce su kawo shaidar ilimin da suka ƙaru da shi. Don haka yanzu ina da littafin da nake rubuta abin da na koya duk mako.

Maigidana da yara sun biyo ni bayan wata bakwai. Da na zo, ƙa'idar ita ce bayan shekara 5 mutum na iya neman izinin zama na dindindin. A watan Mayun 2025 gwamnati ta fitar da takardar manufa mai shawarar a mayar da shi shekara 10 ga yawancin baƙi. Wa'adin bizar da na zo da ita 2026 ne, na riga na yi magana da ofishin ma'aikata a kan sabuwar lamba.

Makon jiya wata ƙanwa da ta gama makarantarmu shekara ɗaya bayana ta kira ni, ta ce an ce mata ba a san inda tsohuwar manhaja take ba. Malam ya yi ritaya. Amma kafin in mayar masa da koren littafin nan, na ɗauki hoton kowane shafi, har da waɗanda gara ta ci gefensu. Na tura mata duka a daren, na ce ta fara da gargaɗin masu shaidarta su riƙa buɗe imel, kuma in za ta yi rajistar IELTS ta zaɓi irin ta biza.